Sawun Bashar a Tukunyar Tarugu

Salamu alaikum mutanen gurup. Ni ce dai, Hajjo, tsohuwar bene. Masu aiko saƙo suna tambaya ko mutuwa na yi, ban mutu ba, baki anka ce in kama. To an sake ni. Jiya na ci tuwo har na nemi ƙari, abin da rabona da shi tun ranar da wagga magana ta tashi.

Baƙin da sunka shigo yanzu, bari in ɗan koma baya saboda ku. Ni mutuniyar Lafani ce. Can anka haife ni, can na yi aure, can maigidana ke kwance. Da ya rasu, ɗana na fari, wanda ba ni kama sunansa, ku dai ce baban Mahbuba, ya zo da mota ya kwaso ni da tabarmata ya kawo ni Illela, gidan haya, can sama. Gida mai kyau ne, ban ce ba. Ƙasa tayil, bango tayil, har makewayi tayil. Sai in kwana in wuni ƙafata ba ta taɓa ƙasar Allah ba. Na ji ni kamar ƙwaryar da anka rataye a ƙusa.

Baranda ce ta cece ni. 'Yar siririya ce, in mutum biyu sun haɗu sai ɗaya ya yi gefe. Na fara da wani tulu mai fasasshen baki, na cika shi da ƙasa, na jefa irin sure, wanda Kanawa ke ce ma yakuwa. Ranar da ya tsiro na ji numfashina ya dawo. Daga nan sai bokitin fenti, sai jarkar da na sa anka yanke, sai buhun siminti. Kafin wagga fitina, in kun leƙa barandarmu za ku ishe tumatir, guro wato kuɓewa, alayyafo, albasa mai lawashi, na'ana'ar shayi, da ɗoɗɗoya saboda sauro. Uban tafiyar kuwa tarugu ne, cikin randar da na taho da ita daga Lafani. Irinsa daga Ƙonni anka kawo min. Ƙwaya guda a tukunyar miya sai ka ga gardi shina share hanci da hannun riga.

Ruwan alwalata nasu ne. Ruwan wankin shinkafa ma nasu ne. Habiba, matar ɗana, ta sani sarai, ranar da ta zubar da shi a rariya gaisuwarmu gajera ce.

Amma shukar tukunya kamar ɗan goye ce, abin da ka ba ta kaɗai take ci. Ƙasar tana gajiya, dole a riƙa ƙara mata. To a ƙofar gidanmu akwai itacen dogon yaro. Ranar Lahadi, kasuwar Illela, masu tumakin da sunka rasa wuri a kara nan suke ɗaure dabbobinsu su sha inuwa. Raguna su wuni suna ci, suna yin abin da rago ke yi in ya ci, su tattake da kofato, shi haɗu da ƙasa da busasshen ganye, shi yi laushi kamar garin tuwo. Ku 'yan birni hanci kuke toshewa. Ni in na hango daga sama har miyau ke tsinke min. Litinin da hantsi sai in ɗauki tsohon kwano da guntun sakaina, in lallaɓa in sauka, in kankaro abina in hau.

Ashe tsiya nike kankarowa.

Mahbuba jikata ce, doguwa mai wushirya, mai tsiwa irin ta uwar ubanta. Bashar kuma mai haɗa sola ne, asalinsu mutanen Amarawa ne, amma sun daɗe cikin gari. Ya zo ɗora muna faranti a kan rufi, ya sauko da lambar waya. Tun daga nan kowace Lahadi bayan la'asar, in masu tumaki sun watse, sai ka hango shi a gindin dogon yaron nan, tunda baban Mahbuba ya ce babu saurayin da zai hau mishi bene. Farar shadda, hula a karkace, turare har sama muna ji. Shina tsaye cikin kashin tumaki bai ma sani ba. Wai shi so. Manyansa sun zo, an yi gaisuwa, an karɓa. Sa rana kaɗai ya rage.

Sai wayar Mahbuba ta yi shiru. Wayar da ke wuni tana tsiyu-tsiyu kamar ɗan tsako. Ni ban iya karatu ba, amma fuskar yarinyar da na yi ma wankan jego na iya karanta ta. Ta duba, ta kife. Ta duba, ta kife. Lahadi ta zo, raguna sunka tafi, gindin dogon yaro wayam.

Mutanen gidanga sun ɗauka kunnena ya yi nauyi. Na bar su a haka, shina da amfani. Ina baranda ina tsinke busassun ganye, tagar ɗakinta a buɗe, sai na ji muryar Bashar a waya.

"Mahbuba, ki yi haƙuri da shiruna. Hajiya ta ce a dakata da zancen sa rana. An turo mata wani bidiyo. Wallahi ni ban yarda ba, amma ta hana ni ko bi ta layinku. Ga shi na turo miki. Don Allah kar ki nuna ma Kaka."

Na ajiye ganye na shiga. Na ce, "Nuna ma Kaka."

"Hajjo, ba kin ce ba ki ji sosai ba?"

"Yau ya buɗe. Danna."

Ta danna. Jama'a, ban taɓa ganin bayana ba sai rannan. Ashe haka na tsufa ta baya. Ga ni tsugune a gindin dogon yaro, ɗankwali ya zame, ina kankarar ƙasa ina zubawa a kwano. In duba dama, in duba hagu, bakina na motsi. Mai ɗaukar kuma tana raɗa: "Ku gani da idonku. Daidai inda ya tsaya jiya. Ga ta nan tana tofi." Muryar na sani, mai wainar tsallaken hanya ce, ashe 'yar uwar su Bashar ce ta wajen uwa.

Ku yaran yanzu wataƙila ba ku gane ba. A wurinmu in anka ce an ɗebi sawun mutum, ana nufin an kwashe ƙasar da ya taka an kai ma boka, a ɗaure shi, shi riƙa bin mace kamar raƙumi da akala. Ba ƙaramar magana ba ce. An raba gidaje a kan abin da bai kai haka ba.

Mahbuba ta kalle ni ido jawur. "Hajjo, ki faɗa min gaskiya. Mi kike faɗi a nan?"

"Gwiwata nike zagi."

"Waige-waigen fa?"

"'Yan kabu-kabu. So kike su kwashe ni da kwanon?"

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Da babanta ya ji, ya tsaya a bakin baranda ko hula bai cire ba. "Inna, ban hana ki ba? Na ce abin da kike so na miya a sawo miki. Ga shi kin ja muna magana a gari."

Na ce, "Tumatirin da ka ci da rana, daga maganar ya fito."

"Ni ba wasa nike ba, Inna. Tukwanen nan a kwashe su. Su kuma in sun ɗauke mu matsafa, su riƙe ɗansu. Ɗiyata ba ta rasa manema ba. Ko sun dawo ba ni bayarwa."

Daga cikin ɗaki na ji an ajiye kwano a hankali. Tun daga nan abinci bai sake wuce maƙoshinta da kirki ba.

Nan ne na ga abin ya wuce wasa. Zagi bai dame ni ba, na girme shi. Amma ɗana na san shi, taurin kan ubansa ya kwaso, in ya rantse an gama. Can kuma uwa ta kafe. Tsakaninsu ga yarinya tana bushewa ina kallo. Atamfar da ta ɗinka don ranar sa rana, koriya mai zanen ruwan gwal, tana rataye a bayan ƙofa cikin ledarta. Ta daina ko kallon wajen. Duk a kan kwano guda na kashin tumaki, kuma hannuna ne ya ɗebo.

Na bari babanta ya fita kasuwa. Na shiga na ishe ta kwance ta juya ma ƙofa baya.

"Kina da lambar uwar yaron nan?"

"Hajjo, don Allah kar ki ƙara ɓata abin."

"Abin da ya ɓaci ba shi ƙara ɓaci. Danna min inda ake magana."

Ta danna, ta riƙe min a baki kamar mai ba ni magani. Na ce, "Hajiya Halimatu, Hajjo ce, kakar Mahbuba. Ina gajiya, ina ɗiya. An ce na ɗebi sawun ɗanki. To ƙasar tana nan, ban cinye ba. Ki zo ki ɗauki abinki. In za ki hau ki riƙe ƙarfen gefe, matakalarmu tana da santsi."

Mahbuba ta ce 'yan sandunan nan biyu sun yi shuɗi, wai alamar ta ji. Amsa dai babu.

Wanshekare da hantsi sai ga sallama. Hajiya Halimatu mace ce mai jiki. Leshi ruwan toka mai duwatsu, mayafi ya sha guga, zobba a yatsu, haƙorin Makka guda a gefe. Ta iso sama tana haki kamar ta yi dakan gero. Na leƙa ƙasa, sai ga Bashar can tsallaken hanya, tsaye cak a kan murfin kwalbati na siminti. Ashe an gargaɗe shi kar shi kuskura shi taka ƙasar layinmu. Shina nan a ɗofane kamar zakara a kan danga.

Munka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda babu komi cikinta. Habiba ta kawo ruwan sanyi a kofin gilashi, ta durƙusa ta ajiye. Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi, na sha a gida." Kun dai gane. Wanda ya hau benenmu ya ƙi ruwa, ba ƙishirwa ce babu ba.

Ta gyara mayafi. "Inna, ni ban zo faɗa ba. Kin haife ni. Amma ɗa namiji guda gare ni. Yaron da ba shi cin abinci sai ni na zuba, yanzu in na ce mishi ina kwana sai shi ce Mahbuba. Shina cin tuwo shina murmushi da waya. Ina cikin tunanin mi ya samu ɗana, sai ga wanga bidiyo. Ke in ke ce, mi za ki ce?"

Na ce, "Hajiya, lokacin da ubansa ke nemanki, shi wa ya ɗebi nasa sawun?"

Gefen bakinta ya motsa, ta danne shi. "Ina ƙasar?"

"Taho."

Na ɗaga labule munka fita baranda. Ta tsaya. Idonta nike kallo. Ya bi tumatir, ya bi na'ana'a, ya je kan tarugu ya zauna. Lokacin kuwa ya yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya, ja da kore, ga fure fari-fari a sama.

"Wace tukunyar?"

"Duka. Ni ba ni wariya, kowace ta samu rabonta."

"An ce in duba ko akwai ƙulli. Ko laya, ko allura."

"Duba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta nuna randa. "Wagga."

Ai na san ita za ta nuna. Ita ce babba, ita ce mai jan kaya, in ni ce boka ma nan za ni ɓoye. Amma tarugu mai fure in anka taɓa saiwarsa, zubar da komi shike yi, wani lokacin shi bi. Tun shina ganye biyu nike lallashinsa, na kare shi daga rana da tsohon zanena, na kore mishi tsuntsaye. Na buɗe baki in ce ta fara da buhun alayyafo. Sai na hango yatsun ƙafa a ƙarƙashin labule, lallen ya koɗe. Mahbuba ce a laɓe.

Na ce, "Bismilla. In kin so ma a kife ta."

Ta zare zobba ta miƙa ma Habiba, wadda ke tsaye da ludayi a hannu. Ta naɗe hannun leshi. Sa'annan ta sa hannu. To nan na ga abu. Ba ta dosa gindin itacen ba. Ta bi gefen randa, yatsu a kwance, tana ratsawa a hankali tana kauce ma saiwa. Na ce a raina, wagga ba a kan kujera ta girma ba.

Ta zaro gawayi, ta ajiye. Ta zaro ɓawon ƙwai. Ta zaro tsingaro. Ta zaro tana, tsutsar ƙasa doguwa, tana mutsu-mutsu. Habiba ta ja baya har ludayi ya bugi bango. Hajiya ko a jikinta, ta maida ta ta rufe da ƙasa. Daga ƙarshe ta damƙo ƙasar sama, ta murza, ta kai hanci.

"Wanga na raguna ne."

"Na Lahadi."

Ta sake murzawa. "Ɗanye kike zubawa. Ba ki bari shi huce. Shi ya sa ganyen ƙasa ya ƙone a baki, ga shi nan."

Jama'a, an ce min matsafiya na haɗiye. Amma a hau har bene a ce ban iya taki ba?

Na ce, "Hajiya, tun ba a yanke miki cibiya ba nike zuba taki."

"A Amarawa rami muke haƙawa mu tara shi, sai ya ruɓe ya yi baƙi."

"Amarawa kuna da fili. Ni ina za ni haƙa rami, a tayil?"

"Buhu fa? Ki zuba a buhu, ki yayyafa ruwa, ki ɗaure baki."

"Shi yi wari, mai gidan haya shi kore mu?"

"In kin sa toka ba shi wari."

"Toka a gidan gas?"

Ban san lokacin da ta jawo kujerata 'yar tsugunno ta zauna ba. Leshin nan mai duwatsu shina sharar ƙasa, ba ta ko duba ba. Ta ɗaga ganyen tumatir tana leƙen bayansa. Ta ce a lambun albasar ubanta ta tashi, ita ke kora ruwa a fangali tun zane bai zauna mata a ƙugu ba. Ta ce da sunka gina gidan cikin gari, Alhaji ya sa anka shafe tsakar gida da siminti tas, ko inda kaza za ta yi tono babu. Tun daga nan ba ta sake shuka ko ƙwayar gero ba. Tana faɗi tana murza ƙasa a tafin hannu, ta ƙi yarwa.

Na ce, "Hajiya, ki yi min adalci. Wurin nan raguna sun fi ɗanki daɗewa a kai. Da ƙasar na kama mai sawu, ai da tumakin Ƙonni duk sun hau bene neman aure."

Ta yi dariya har haƙorin Makka ya fito duka. Ta share ido da bayan hannu, ta bar ƙasa a kumatu. Sai ta waiga wajen Habiba. "Ɗiyata, ina ruwan nan?"

Habiba ta ruga. Hajiya ta shanye tas ta nemi ƙari. Ni kuwa na jingina da bango. Wani dutse da ya kwana biyu a ƙirjina ya mirgine.

Amma kar ku yi saurin guɗa. Ta ajiye kofi, ta maida fuskar Hajiya.

"Inna, magana ta riga ta fita. Dangi duk sun ga bidiyo. In na koma hannu rabbana, cewa za su yi ni ma an shanye ni."

"To ya za a yi?"

"Ƙasar da ɗana ya taka, gidan ubansa za ta koma. Kowa shi gani na karɓo."

Na ce, "Sai a juye miki a buhu."

"Haba Inna. Ana raba ƙasa da saiwa?"

Tana faɗi idonta na kan randa. Nan na gane. Fashi ne da rana tsaka, da leshi da mayafi. Kuma ni da bakina na ce kowace tukunya ta samu rabonta, babu wurin gudu.

Ta miƙe tana zaɓe. Randa. Bokitin tumatir, babban. Jarkar na'ana'a, wai Alhaji na son shayi. Ta tsaya a kan guro, ta ga bai fara 'ya'ya ba, ta wuce.

Na ce, "Sawun nan nasa, da alama ya fi yawa inda kaya sunka nuna."

Ta ce, "Haka na lura."

Ta leƙa ta yafuto Bashar. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙasa, wai shi taka? Ta ce, "Taka ka hau, sakarai." Rabonsa da benenmu tun ranar ɗora sola. Ya durƙusa har ƙasa, gumi ya jiƙa wuyan shadda.

"Kaka, ina kwana. Don Allah a yafe muna."

"Angona, ka guje ni ko? Tashi ka ɗauki randa. Riƙe da kyau, an ce kai ne a ciki."

Ya rungume ta kamar jariri, tarugu na shafar hancinsa, atishawa na cinsa ba shi da hannun tarewa. Sai ga mutuniyar taku ta fito daga bayan labule. Yarinyar da ɗazu ko kai ba ta iya ɗagawa, ta sha kwalli, ta ɗaura ɗankwali ya tsaya kamar jirgi zai tashi. Ta durƙusa gaban Hajiya murya ƙasa-ƙasa, kai ka ce ba ta taɓa yi ma kowa tsiwa ba. Bashar ya kusa sakin randar.

A bakin matakala Hajiya ta tsaya tana maida zobba. Ta ce, "Sai dai ina tsoro, Inna. Hannuna ya daɗe bai yi ba, kuma shukar tukunya daban take da ta lambu. In sunka mutu a wurina fa?"

Ban shirya ba, wallahi. Bakina ne ya riga ni.

Na ce, "Ai ba ni ke kula da su ba, Hajiya. Gwiwa ta hana. Ni ɗebo ƙasa kaɗai ne nawa. Mahbuba ce. Hannu gare ta, ko tsinken tsintsiya ta soka sai ya yi ganye."

Hajiya ta juyo ta kalli Mahbuba tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa, irin kallon da ake yi ma saniyar da anka ce tana cika ƙwarya.

"Ashe? Ɗiyar zamani?" Ta gyaɗa kai. "A faɗa ma babanta maza na tafe ranar Juma'a. Kuma mu ba mu son rana mai nisa. Kafin zafi shi shigo nike son ta tare."

Sun zo kuwa. Baffannin Bashar da manyan riguna, da goro da alawa da ban haƙuri. Baban Mahbuba ya yi ta cika shina batsewa. Na aika anka kira min shi ɗaki, na ce, "Ka ce ko sun dawo ba ka bayarwa, amma ban ji ka ce wallahi ba. Na saurara da kyau." Ya ce, "Inna, dama kina ji?" Na ce shi je baƙi na jira. Ya je, ya karɓi goro. An sa rana. Zancen kwashe tukwane kuma bai sake tashi ba, tunda surukarsa ta kwashe masu kyan.

Mai waina yanzu in ta hango ni sai ta sunkuya tana gyaran wuta. Litinin da ta wuce na sauka da kwanona, na tsaya saitinta na gyara ɗankwali, na ce in za ta ɗauka ta ɗauko ta gaba, ta fi kyau.

Barandata ta yi fili. Inda randa ta zauna ya bar zobe a tayil, in na kalla sai in ji wani iri. Amma wayar ta koma tsiyu-tsiyu, yarinya na cin abinci har tana sa hannu a nawa. Na yi asarar tarugu na samu barci. Ban yi faɗuwa ba.

Saura magana guda, ita kuma ku rufa min asiri, kar wanda ya tura ma kowa. Mahbuba ba ta san sure da rama ba. Tunda na fara shukar nan ba ta taɓa ɗaukar buta ta zuba ma ko guda ba, wai ƙasa na shiga farce. Yau da safe na kira ta na ce ta cire min ciyawar da ke cikin buhun can. Na juya in ɗauko ruwa. Kafin in waigo ta tumɓuke min albasa kaf, ta riƙo a hannu tana jiran in yaba.

Muna haka waya ta yi ƙara. Hajiya Halimatu ce. Ta turo hoton taruguna, ganyen sama ya nannaɗe, sa'annan murya: "A ba ɗiyata Mahbuba. Ɗiyata, dubi abin da na tashi na ishe. Ruwa ne ya yi yawa ko rana ce? Ke nike jira, ba ni taɓa komi sai kin faɗa."

Mahbuba ta kalli waya, ta kalli albasar hannunta, ta kalle ni.

"Hajjo, kin kashe ni. Mi za ni ce mata?"

Na tura mata kujera 'yar tsugunno da ƙafa.

Na ce, "Ce mata hannunki na cikin ƙasa, za ki kira ta. Sa'annan ki tsugunna ki sa shi ciki, kar ƙaryar ta zama biyu."